Tafiretar Wakili Ta Daina Rawa

Munkaila ma'aikacin lantarki ne a kamfanin siminti na Malbaza, amma wannan aikin ciyar da iyali ne kawai. Ainihin cutarsa tana cikin zauren gidansa, inda ya tara matattun rediyoyi da hanjin talabijin da wayoyi kala-kala har babu wurin shimfiɗa tabarma. Matarsa Tsahara ta daina sharar zauren tun ranar da ta kwashe wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake, ya yi kwana uku yana cin tuwonta fuska a ɗaure. Mutum ne mai kirki, wallahi, ba ya ƙin taimakon kowa. Sai dai Allah ya ba shi kunnen da ke jin ciwon rediyo tun daga ƙofar gida, bai ba shi na jin ciwon mutum ba.

Kawunsa Wakili, yayan mahaifiyarsa, ya yi shekara talatin yana zaune gaban gidan waya na Birnin Konni da tebur da tafireta. Shi ke rubuta wa mutane takardun Faransanci zuwa buro, wato ofisoshin gwamnati, da wasiƙun Hausa zuwa ga 'yan ci-rani. Ɗansa na fari, Rabi'u, yana Abijan yana sayar da agoguna, shekara bakwai ke nan bai zo gida ba. Wakili kuwa irin tsofaffin nan ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Bai taɓa faɗin sunan yaron ba, sai dai ya ce "wancan". Idan ya buga masa wasiƙa, mai sayar da ambulan na kusa da shi ne ke rubuta sunan a baya. Mutumin da ya rubuta wa rabin Konni "ka taho gida, muna kewarka", shi ba zai iya rubuta wa nasa ba ko za a yanka shi.

A shekarar 1991 hannun Wakili ya fara rawa. Haruffa suka riƙa fita biyu-biyu, wasu baƙi ƙirin, wasu da kyar ake ganinsu. Rabi'u ya lura daga can, ya rubuto yana tambaya.

Wata Lahadi Munkaila ya hau motar siminti ya zo gaisuwa, ya tarar da tsoho da takardar a hannu yana ta faɗa.

"Dubi abin da wancan ya rubuto," in ji Wakili. "Wai rubutuna na rawa. Wai in ba ni da lahiya, shi taho bayan damana. Wa ya ce mai ina nemanai?"

To, duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san fassarar wannan faɗan. Wakili ya karanta takardar nan ga mai shayi, ya karanta ga mai ambulan, ya sake karanta wa mai shayi, kullum da faɗan nan nasa. Murna ce ta cika shi, ba ta da ƙofar fita sai wannan. Abin da bakinsa ya kasa faɗa shekara bakwai, hannunsa ya faɗa, kuma an ji. Kowa a gaban gidan waya ya gane, ban da Munkaila. Shi dai ya zaro wata takarda daga tafireta ya ɗaga ta sama yana duban haruffan, ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi, Kawu ya kwantar da hankalinsa.

Da ma yana da wata 'yar kwamfuta tsohuwar Turai da ya tsinto a kasuwar Sakkwato, irin wadda ake haɗawa da talabijin. Shekara guda tana zaurensa, ba ta da aiki sai ya sa ta ƙidaya daga ɗaya zuwa dubu yana kallo yana murmushi. Yanzu ga aiki ya samu. Ya aro wa kawunsa wata tafireta, ya ɗauke tasa zuwa Malbaza. Wakili ya so ya hana, amma me zai ce? Ya ce a bar masa rawar hannunsa don wancan ya zo? Haka aka naɗe tafireta a zane aka tafi da ita.

Mako bakwai Munkaila yana fama. Ya warware wayar tagulla daga ƙonannun injinan famfo, ya naɗa ta a kan guntayen bututu guda arba'in da huɗu, kowane da ƙusa a ciki. Idan wuta ta shiga, sai ƙusar ta shige da ƙarfi. Ya ɗaura wa kowace ƙusa wayar birkin keke, ya maƙala ta ƙarƙashin harafi guda. Ya samo batirin babbar mota. Ya ɗauke talabijin ɗin Tsahara daga ɗaki, ya ce na kwana biyu ne. Gwajin farko, haruffa goma sha biyu suka tashi lokaci ɗaya suka cakuɗe, wani hayaƙi mai wari ya cika zaure har maƙwabta suka leƙo da bokiti. Yatsunsa duk suka ƙone da dalma. Bai taɓa jin daɗin rayuwa irin na makonnin nan ba.

Ranar da aka kafa abin a gaban gidan waya, sai da 'yan kabu-kabu suka ajiye baburansu, 'yan duwan biyu, wato kwastan, suka baro aiki suka zo kallo. Wakili zai taɓa haruffan kwamfuta da yatsa ɗaya, a hankali, rubutu ya fito a talabijin. Idan yatsan ya kauce, sai ya goge ya sake, babu wanda zai sani. In ya gama ya danna babban maɓalli, sai tafireta ta kama aiki ita kaɗai, kat-kat-kat, babu hannun kowa a kanta, layi a miƙe, tawada daidai wa daida. Wata tsohuwa daga Tsarnawa ta tattara zanenta ta ce ita ba za ta faɗa wa aljani sirrin gidanta ba, amma washegari ta dawo da 'yar'uwarta. Layin masu wasiƙa ya kai har bakin titi. Wakili ya ce Allah shi yi albarka, da irin muryar wanda aka ɗura wa maganin ɗaci.

Munkaila bai tsaya nan ba. Cikin wasiƙar farko da sabuwar na'ura ta buga wa Rabi'u, ya cusa tasa takardar. Ya rubuta masa cewa kada ya damu, rawar nan da ya gani ba ta Kawu ba ce, ƙarafan tafireta ne suka saki don tsufa, kuma shi Munkaila ya gyara, har ya haɗa ta da kwamfuta. Ya zana masa hoton wayoyin a bayan takardar, da kibiyoyi. A ganinsa ya rufa wa tsoho asiri, ya kuma kwantar wa ɗan'uwa da hankali, ga shi an san aikinsa har Abijan.

Amsa ta zo bayan wata guda. Rabi'u ya gode wa Allah, ya ce da har ya fara neman wanda zai bar wa teburinsa, amma tunda Baba lafiya lau yake, tafiya sai baɗi, don ya kama sabon wuri a kasuwa. Wannan takardar Wakili bai karanta wa mai shayi ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya kira mai wasiƙa na gaba.

Damana ta wuce, kaka ta wuce. Rawar ta hau daga yatsu zuwa kafaɗa. Shayi ya riƙa zuba masa a riga, maɓallin wuya sai an ɓalla masa. Likita ya gaya wa Munkaila a gefe cewa wannan ciwo ba ya komawa baya, kuma zuciyar tsohon ma ba ta da ƙwari, masu son ganinsa su zo su gan shi. Munkaila ya ji, ya damu ƙwarai, ya koma Malbaza ya ƙera wa kwamfutar manyan maɓallai na katako don yatsan Kawu ya daina kaucewa. Wasiƙu suka ci gaba da tafiya Abijan duk wata, tsaf-tsaf kamar daga ofishin gwamna.

Wata Lahadi da hantsi, gidan waya a rufe, babu kowa a layi, Wakili ya ce wa Munkaila ya cire wayoyin. Munkaila ya tambaya ko wani harafi ne ke makalewa. Tsoho ya ce babu abin da ke makalewa, shi dai a cire, akwai wasiƙar da zai buga da hannunsa. Ran Munkaila ya ɓaci sosai. Mako bakwai na aiki, a ce a kwance kamar igiyar akuya! Amma kawu kawu ne. Ya durƙusa ya kwance wayoyin birki ɗaya bayan ɗaya, yana huci, ya koma gefe ya zauna kan batiri.

Daga nan ya ga abin da bai taɓa tsayawa ya gani ba. Wakili ya yi ta kokawa kafin takarda ta shiga. Yakan ɗaga yatsa ya auna harafi, yatsan ya yi ta yawo a sama, sannan ya faɗa kan na kusa da shi. Wani lokaci yakan riƙe hannun dama da na hagu. Gumi ya jiƙa masa hula. Aka kira azahar, suka yi salla, ya koma. Sai da la'asar ta yi ya zare takardar, layi takwas ne kacal, wasu sun hau kan wasu, wuri biyu har takardar ta huje. Munkaila ya karɓa ya karanta. Gaisuwa ce kawai. An ce gero ya yi kyau bana, an ce 'yar maƙwabci ta haihu, an ce kowa lafiya lau, babu abin damuwa.

A nan ne Munkaila ya gane, kuma kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai. Ya ninke takardar a hankali. Washegari bai je aiki ba, shi ya rubuta sunan Rabi'u a bayan ambulan, shi ya kai ta cikin gidan waya da kansa. Ya yi tunanin ƙara 'yar takarda, sai ya ga babu buƙata. Wannan wasiƙa ko jariri aka nuna wa ya san hannun da ya buga ta ba lafiya.

Wayoyin suka zauna a kwance cikin kwali. Wakili ya daina karɓar aiki, amma kullum yana zuwa ya zauna a teburinsa har motar wasiƙu ta iso. Ya sa aka share ɗakin ƙofar gida aka yi masa sabon daɓe, ya ce wai saboda gara.

A mako na biyar aka miƙo musu wani ɗan ƙunshi daga Abijan. Munkaila yana wurin, shi ya yage shi. A ciki akwai ribin tawada na tafireta guda biyu sababbi, da ɗan gwangwanin man keken ɗinki, da wasiƙa. Wakili ya ce masa ya karanta, idonsa yau ba ya gani sosai. Rabi'u ya gaida Baba layi biyu, sauran duk na Munkaila ne. Ya ce na'urar nan ta sake lalacewa, har ta fi da muni, da kyar ya karanta wasiƙar bara-gurbin da ta bugo. Ya ce don Allah Munkaila ya daure ya duba ta, kada ta zubar wa Baba da mutunci a gaban masu kawo aiki. Ga mai nan da ribin, in akwai wani ƙarfen da babu a Konni a faɗa masa ya nema. Zuwa kuma yana nan sai baɗi, in Allah ya kai rai.

Munkaila ya ajiye takardar. Mai shayi ya juya baya ya kama wanke kofin da ya riga ya wanke.

"Kawu," in ji Munkaila, "bari in rubuta mai da hannuna. Ni na ɓata, ni zan hwaɗa mai gaskiya."

"Ka ce mai mi?"

"In ce ka na son ganinai."

Wakili ya dubi ribin ɗin a kan tebur. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ture gwangwanin mai ya faɗi ƙasa.

"Ni ban aike ka ba, kuma ban yarda ba," ya ce. "Ka ji abin da anka ce ka yi. Mashin ta lalace. Gyara ta."

Munkaila ya jawo kwalin ya durƙusa. Aikinsa mai kyau ne, babu waya ɗaya da ta yi gardama, kafin a kira azahar duk arba'in da huɗun sun koma wurinsu. Wasiƙar da ta tafi Abijan ran Litinin ba ta da kuskure ko ɗaya.