Gwankin Barau

Barau na cikin barbaɗa kanwa a kan falalen dutsen bakin tafki sai ya ji huci a bayansa. Bai ko waiwaya ba, ya san mai shi. Gwanki ne, ƙato mai karyayyen ƙaho, shi kaɗai ya rage a gandun dajin da ke yamma da garin Zugu tun lokacin da fari da mafarauta suka watsa garken.

"Yau ka makara," in ji Barau. Gwanki ya sa baki yana lasa, shi kuwa ya zauna yana ba shi labarin ciwon gwiwarsa.

Da can Barau maharbi ne, har gwamnati ta ba shi kaki da bindiga ta ce ya tsare gandu. Ran da ya ƙwace tarkon yayansa Magaji, ran nan gari ya juya masa baya, ko goron suna aka daina aiko masa. Matarsa ta rasu, bukkarsa tana bakin daji ita kaɗai. Wanda ya rasa abokin hira kuwa, ko dabba ya samu sai ya riƙe.

Da hantsi Labbo, wani tsohon makiyayi, ya biyo burtali da shanunsa, ya tsaya ya dogara sanda.

"Barau, na ga sawunku kai da gwankinka, kamar saniya da mai ita."

"Ya saba da ni."

"Awo, abin da ka ba ni tsoro ke nan. Jibi mutanenku za su hito hwarauta, Magaji na gaba, kuma kai ɗaya ba ka iya tare su. Naman da ya lashi kanwa hannun mutum, mi za ya sa shi gudu in ya ga mutum?"

Sai a lokacin Barau ya gane. Ashe da hannunsa ya yi wa Magaji kiwo.

Washegari gwanki ya zo ya tarar da dutse wayam. Barau ya jefe shi da hoge. Gwanki ya ja da baya kaɗan, ya tsaya yana kallonsa, sannan ya sake matsowa. Hawaye suka cika wa Barau ido. Ya ɗaga bindiga, ya saki harbi dab da ƙahonsa. Gwanki ya zabura, Barau ya bi shi da ihu da jifa, yana ɗingishi, har ya ga shigarsa duwatsun tsakiyar gandu inda kare ba ya kaiwa.

Ranar farauta aka zo da karnuka da ganga, aka ture Barau gefe, aka karaɗe bakin tafki. Ba a samu kome ba sai tsohon sawu.

"Ina ka ɓoye shi?" in ji Magaji. Rabonsa da yi wa ƙanensa magana an daɗe.

"Ban ɓoye shi ba, Yaya. Tsoron mutum ni koya mai."

Bayan kwanaki Barau ya hango gwankin can nesa a gindin wata kirya. Bakinsa ya suɓuce, ya kira shi yadda ya saba. Gwanki ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya juya a guje.

"Madalla," in ji Barau.

Ya kai wa Labbo sauran kanwar. Da ya dawo bukka gwiwar ta motsa masa, ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna babu gwanki, ya rufe.