Yadda Ake Tashi Daga Ƙasa

Yarinyar da ke teburin bakin ƙofa ta tare ta da hannu, ta ce ba a shiga sai da kati a wuya. Inna ta dubi masu wucewa, maza da mata, kowa da shuɗiyar igiya rataye, kati na lilo a ƙirji. Ta ce wa yarinyar ita ba akuya ba ce da sai an ɗaura mata igiya za ta shiga wuri, shugabansu take nema, mai sanƙon nan da ke magana ta hanci. Yarinyar ta danne dariya, ta ce yau bita ce ta masu gashin ƙashi, ba ranar ganin marasa lafiya ba ce, in ƙafa ke damunta ta je asibiti.

"Ƙafata lau take, 'yar nan. Mijina kuke haskawa a bangon ciki, na zo in sauke shi ne."

Yarinyar ba ta gane ba, Inna kuwa ba ta da niyyar ganar da ita. Ta koma gefe ta jingina da bango, ta zuba wa ƙofar ido.

Mijin nata direban babbar mota ne, ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a kan titi, har yau Direba ake ce masa a unguwa ko da yake rabonsa da sitiyari tun bara. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin famfo yana wanke fuska, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Inna ba ta taɓa musun cewa masu gashin ƙashi sun yi aiki ba. Su suka yi ta lanƙwasa masa ƙafa suna miƙewa har ya fara takawa da sanda, ya koyi riƙe cokali da hagu, ya dawo yana zaginta a kan gishiri ya yi yawa. Ranar da ya fara zagin nan sai da ta shiga kicin ta yi kukan daɗi.

Sai ƙungiyarsu ta shirya abin da suka kira ranar shiga jama'a. Suka kafa rumfuna a filin makarantar unguwa, ana awon jini kyauta, ana raba riguna masu rubutu. Babban ɗanta ya matsa sai an kai mahaifinsa, wai manyan likitoci za su duba shi. Mai Sanƙo na ganinsa ya ce ga misali ya samu. Aka shimfiɗa tabarmar roba a gaban jama'a, aka kwantar da Direba a kai, za a nuna yadda wanda ya faɗi zai tashi da kansa. Aka ja wa Inna kunne kada ta taɓa shi, don a aikinsu ba a ɗaga wanda ya faɗi, koya masa tashi ake yi.

Direba ya yi ta fama. Ya mirgina, hannun kirkin ya zame, ya koma rigingine yana wani nishi da ba ta taɓa jin irinsa daga bakinsa ba. Mai Sanƙo na tsaye a kansa da makirfo yana cewa ya sake. Can fitsari ya kufce masa, farin wando ne kuma a jikinsa. Mai ɗaukar bidiyo bai ko kawar da kansa ba. Inna ta ture na gabanta, ta sa hannu a hammatar mijinta ta cicciɓe shi, ta rufa masa mayafinta.

Ta ɗauka abin ya wuce a nan. Sai 'yar maƙwabciyarta da ke koyon aikin ta zo tana noƙe-noƙe, ta gaya mata cewa duk bitar da za a yi sai an haska Baba a majigi. In an zo wurin da Inna ta ɗaga shi sai a tsayar, a ce wa ɗalibai su duba da kyau, wannan shi ne kuskuren iyali. Ba a jima ba bidiyon ya fito wayoyin mutane, wani ɗan banza ya ɗora masa kiɗa, ya zagaya tashar mota inda Direba ya yi zamani ana miƙe masa in ya shigo. Wata rana da hantsi yana zaune kusa da taga, ya jiyo nishinsa na fitowa daga wayar wani a waje, ana ta ƙyaƙyata dariya.

Tun daga ranar ya juya wa duniya baya. Ya jefar da sandar ƙarƙashin gado, ya kori matar da ke zuwa gida tana yi masa gashi, ƙafar da ta fara farfaɗowa ta koma tana sandarewa kamar itace. Gishiri ma ya daina magana a kai. Inna ta yi zaryar asibiti har masu gadi suka san tarinta. Yau a ce Mai Sanƙo ya yi tafiya, gobe a ce yana ganawa. Ɗan nata kuwa cewa ya yi shi ya ba su izini da bakinsa, ai taimakon ilimi ne, ta yi haƙuri. Ta ce masa in ilimi yake so a taimaka, ya je ya kwanta musu da kansa, Allah wadaran haihuwar asara.

Masu kai shayi suka turo keken kofuna, yarinyar ta tashi ta buɗe musu ƙofa biyun. Inna ta bi bayansu ta shige.

Ɗakin da sanyi kamar cikin firji, an kashe fitilu. Ga Direba can a bango, ya fi girman mutum sau nawa, bakinsa a karkace yana neman abin dafawa. Mai Sanƙo na kan dandamali yana yawo da wani ɗan jan haske a kan ƙugun mijinta, yana bayani ta hanci. Wasu na rubutu, wasu na latsa waya a ƙarƙashin tebur, wani ƙato a layin baya na tauna biskit a hankali. Ko ɗaya bai sunkuyar da kai don kunya ba. Sun gani har sun gaji da gani.

Ta bi ta tsakiyar kujeru tana magana da muryar da take kiran jikoki daga ƙarshen layi. Ta ce a kashe abin nan. Ta ce wannan da suke kallo suna shan shayi uban wasu ne, ya ciyar da gida da guminsa tun iyayensu na tsumma. Ta ce ita ce kuskuren iyalin, ga ta ta zo da ƙafarta, duk mai tambaya ya yi mata. Kawuna suka juyo. Mai Sanƙo ya sa hannu a goshi yana leƙen duhu, ya ce wace ce wannan, a taimaka a zaunar da ita.

Ta kai gindin matakala, silifas ɗinta ya sarƙe da wayar da aka ja a ƙasa. Bangon ya koma shuɗi fetal, ita kuma ta tafi gaba ɗaya ta faɗi a kan ɓarin hagu, ɗankwali ya yi nasa wuri.

Aka kunna fitilu. Mutum uku suka zabura za su kama ta, Mai Sanƙo ya dakatar da su ta makirfo, ya ce kowa ya tsaya inda yake. Wata mace mai farin gilashi ta durƙusa kusa da ita, ta tambaye ta ko kanta ya bugu, ko tana jin zafi a ƙugu, ta ce ta motsa yatsun ƙafa. Inna ta motsa. Matar ta ɗaga kai ta ce babu karaya, ta miƙe ta ja baya. Inna ta miƙa mata hannu. Matar ta dubi Mai Sanƙo, ta haɗe hannayenta a baya.

"Ku ba ku da iyaye ne?"

"Muna da su, Mama," in ji Mai Sanƙo, muryarsa na fita ta kowane lungu na ɗakin. "Haka muke musu. Ki kwantar da hankalinki, a hannun masana kike. Jama'a, ku matso, wannan ba kullum ake samu ba."

Suka matso, suka yi mata zobe. Ɗaki cike da mutanen da hannu ne sana'arsu, kowa ya sa nasa a aljihu ko ya ɗaga waya da shi. Inna ta yunƙura irin nata, ta so ta miƙe tsaye kai tsaye, gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba, ta koma daɓas. Ta sake, ta sake komawa. Ta zage su tas, ta haɗa da wanda ya koya musu aikin da wanda ya ba su hayar ɗakin. Mai Sanƙo ya bar ta ta gama, sannan ya ce wa jama'a su lura, fushi na cinye ƙarfin da ya kamata a tashi da shi.

Kafet ɗin na warin ƙura da takalma. Ta kwanta tana haki, ta ga ba mai zuwa. Sai ta ji muryar hancin nan a hankali, tana ce mata ta juya kan cikinta. Ta juya. Muryar ta ce ta dafa da tafin hannu biyu, ta ɗago kan gwiwoyi. Ta yi. Aka ce ta rarrafa zuwa kujerar da aka ajiye mata can nesa kaɗan, da gangan. Ta rarrafa, tsohuwa mai jikoki, zaninta na kwancewa tana ji, ba hannun kamawa. Ta dafa kujera, ta kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, ta tura.

Sai ga ta tsaye. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ko wuya bai yi ba.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Ƙaton nan ya maƙale biskit a baki don ya samu hannun tafawa. Mai gilashi ta tsinto ɗankwalin ta kakkaɓe ta miƙa mata, tana cewa sannu Mama, kin burge.

Aka tafi hutun shayi. Mai Sanƙo ya ja ta wani ɗan ɗaki a gefe inda aka jibge kwalayen riguna, ya ba ta kujera da ruwan roba, har da buɗe mata murfi. Ya saurare ta har ta kai aya, yana gyaɗa kai. Ya ce wallahi bai san abin ya kai haka ba, ya kuma ji takaicin jin cewa Baba ya bar motsa jiki, don ƙafar da aka bari ba ta jira. Bidiyon da ya shiga wayoyin mutane dai ya fi ƙarfinsa, amma na ƙungiya yana hannunsa, shi ke haskawa, shi zai iya gogewa. Matsalar ɗaya ce, akwai bitoci a gaba, ɗaruruwan ma'aikata na jira, darasin nan kuma ba ya koyuwa sai da misali.

Ya murza sanƙonsa. Ya ce gaskiya na Baba dama bai taɓa gamsar da shi ba, tunda har aka gama bai tashi ba. Nata tashin kuwa ya yi daidai, kyamarar ƙungiya na kunne tun safe, ta ɗauka.

Inna ta ce ya nuna mata. Ya kira mai ɗaukar bidiyon, wanda dai ya ɗauki mijinta, ya juyo mata ɗan gilashin kyamarar. Ta ga wata tsohuwa mai furfura a birkice tana rarrafe, baki buɗe, zani ya zame har cinya a waje. Ta daɗe tana kallo kafin ta yarda ita ce.

"A yanke wurin zanin."

"Nan ne gwiwa ta fito sosai, Mama. Shi ne darasin."

"Zagin da na yi fa? Za su ji?"

"A'a, kada ki damu. Za mu cire muryarki, in sa tawa."

Ta kurɓi ruwan. Ta tuno Direba yadda ta baro shi da safe, fuska a bango, kofin shayi ya huce a gefen gado. In ta koma ta ce masa an daina haska shi, wataƙila ya juyo. Wataƙila ya ce a miƙo masa sandar. Ba ta da tabbas, amma ba ta da wani abin da za ta kai masa.

Ta ce ta yarda, a goge nasa yanzu a gabanta. Mai Sanƙo ya ce da zarar nata ya kammala, da hannunta ma za ta danna. Sai dai akwai ɗan gyara. Mai bidiyo ya ce lokacin da ta juya kan cikinta mutane sun tare kyamara, farkon bai fito ba. In ba damuwa, da an dawo daga shayi ta sake kwanciya sau ɗaya, a ɗauka da kyau, fitilu a kunne.

Inna ta dube shi, ta dubi mai bidiyon da ke goge gilashin kyamararsa da gefen riga. Zagi ya zo mata har maƙogwaro, ta ga ko ta yi cire shi za a yi. Ta miƙe ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa tamau, ta yi masa ƙulli biyu, ta cire silifas ta ajiye a kan kwali.

Da suka koma an riga an janye kujerun gaba, an shimfiɗa tabarmar roba a tsakiya, jama'a na dawowa da kofuna a hannu suna neman wurin da za su fi gani. Mai Sanƙo ya ƙwanƙwasa makirfo ya ji ko yana aiki. Inna ta tsaya a bakin tabarmar tana duban inda za ta dafa. Sauka ƙasa ba ya cikin darasin, aka bar ta ta yi shi yadda ta iya.