Bokitin da ke Ƙasan Bene

Da jin an ce allura ka kau da kai, kuma ba kai kaɗai ba. Mijin yayata ma haka ya yi. A asibiti, da nas ta ce a shigo, sai ya toge a bakin ƙofa yana latsa waya, wai kunya. Ni na shiga.

Sikila ce ta ɗauke ɗansu na fari, shi ya sa likita ta ce a ɗebi ruwan mahaifa a gwada wannan cikin.

Aka kwantar da Yaya, aka goge mata ciki da magani. Likita ta ɗora na'urar hoto, jaririn ya fito a allo yana tsotsar yatsa.

"Shi dai ba ruwansa," in ji nas.

"Gadon ubansa," in ji Yaya.

"Ban da dariya, ban da motsi," likita ta ce. Ta jira jaririn ya matsa gefe, sannan ta soka allura siririya mai tsawon tsinke, ta ratsa fata har cikin mahaifa. Yaya ta matse hannuna har zobe ya shige nama. Ruwa rawaya-rawaya ya hau sirinji. Aka zare allurar, aka saurari bugun zuciyar jaririn, aka manna 'yar filasta.

"Kwana biyu ban da ɗaukar nauyi," in ji likita. "Cikin na iya zubewa."

Mijin yana waje, bai ji ba.

A gida surukar Yaya ta ce a nuna mata wurin. Ta ƙura wa filastar ido.

"Wannan ne aikin? Sauro ma ya fi haka ɓarna."

Na maimaita maganar likita.

"Sannu, 'yar boko. Ranar da na haifi mijinta sai da na gama wanki."

Mijin ya yi dariya, ya ƙara sautin rediyo. Famfo ya ɗauke tun safe, bokiti na nan cike a ƙasan bene, ana jiran Yaya ta hawo da shi. Na tashi zan ɗauko, surukar ta riƙe mini mayafi.

"Baƙo ba ya aiki a gidana. Zauna."

Yaya ba ta taɓa musu da suruka ba. Ta gyara ɗaurin zani a ƙasan filastar, ta nufi matakala tana bin bango.

Kai da ke zaune kana karanta wannan, ba ka ga allurar ba, amma yanzu ka san tsawonta. Ajiye abin da ke hannunka. Tashi ka riga ta isa wajen bokitin.