Gwangwalar Labo

Da hantsi ne ranar Litinin, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke amma gari bai washe ba. Labo yana tsaye gaban teburin akawu a bakin madatsa, babban yatsansa a sama, tawada na bushewa a kai, ya ƙi dangwalawa.

"Baba, dangwala mana," in ji ɗansa Gwadabe, ƙasa-ƙasa. "Mutane na jira."

Yusufu tela, maƙwabcinsu da danga ɗaya ta raba su, yana gefe da hula a hannu. Shi ya rako su, don ya ɗan taɓa boko, ko da za a ba su takarda.

Shekara biyu ke nan da aka datse rafin bayan unguwarsu, kan hanyar Funtua zuwa Bakori. Baturen da ke kula da madatsar ya kawo ƙananan jirage shida na katako, kowanne da sanda a tsakiya da farin ƙyalle da iska ke turawa. Ya koya wa samari tuƙi a nan gefe-gefe, sannan ya sa tsere ranar Asabar, cikin makon bikin cika shekara huɗu da samun mulkin kai. An ce ukun farko za a ɗauke su aiki a madatsa. Wata biyu Gwadabe bai da wata magana sai wannan.

Akawu Marcellinus, haifaffen Funtua ne ko da yake iyayensa daga kudu suka zo, ya sake karanto dokokin da Hausarsa tsaf. Sai wanda bai wuce shekara goma sha takwas ba, mai unguwa ya shaida. Sai wanda ya iya iyo ba gora. Uba ko mai riƙo ya sa hannu a gaban akawu. Jirgi ya tashi daga nan, ya kewayo jan duro, ya dawo. Ba a yarda da wata alama a kan ruwa ba sai ta kwamiti.

"To, jan duron nan naku," in ji Labo, "wa ya kai shi can?"

"Bature ya sa aka kai jiya," in ji akawu.

"Ya tambayi wa?"

"Wa zai tambaya, Baba?"

"Tsakanin nan da duron akwai tsamiya."

Kowa a wurin ya san tsamiyar. A gindinta Labo da danginsa Maguzawa suke yanka baƙin bunsuru tun kaka da kakanni, kafin ruwa ya zo. Bara ana ganin kanta kamar ƙaramin tsibiri. Bana da damina ta yi ƙarfi ruwa ya rufe ta ruf, ga shi ja wur, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki.

Wani daga baya ya ce, "Dodon Labo zai sha jinin yara!" Aka tuntsire da dariya. Gwadabe ya sunkuyar da kai.

"Ban ce muku dodo ba," in ji Labo. "Itace na ce. Jirgin nan naku yana da wani allo a gindi da ke sauka ƙasa. Na auna shi da hannuna, kamu biyu. Kan tsamiya bai fi kamu ɗaya a ƙasan ruwa ba. In allon ya kama reshe, iska na turawa, jirgi zai kife. Wanda ya faɗa cikin rassa kuwa, iyo ba ya fid da shi."

"Baba, na ji ka," in ji akawu, ba da faɗa ba. "Amma ƙorafi sai a rubuce, kuma an rufe karɓa tun Jumma'a. Bature ya tafi Kaduna, sai safiyar Asabar. Ni ba ni da ikon taɓa duro. Za ka sa hannu ko in kira na baya?"

Labo ya dubi ɗansa. Sannan ya miƙa yatsa aka sake shafa masa tawada, ya dangwala.

Washegari bayan azahar, ana yayyafi, Yusufu ya ji ana kiransa ta saman danga.

"Tela! Ajiye keken nan ka zo ka riƙe mini riga."

Labo ya fito da tsohon goransa na fito, wanda da shi ya yi shekara talatin yana ƙetarar da mutane rafi kafin a yi gada. A kafaɗarsa ga doguwar gwangwala da igiyar rama. Tani matarsa tana biye da shi har ƙofar gida.

"Da tarin nan za ka shiga ruwa? Yusufu, yi masa magana, ni ya mai da ni rediyo."

"Baba, ka bari Gwadabe ya shiga," in ji Yusufu.

"Gwadabe ya san inda tsamiyar take? Ruwa duk iri ɗaya ne a idonsa. Kuma in akawu ya gan shi ya soke sunansa. Ni me zai soke mini?"

A bakin ruwa Labo ya tuɓe, ya miƙa wa Yusufu riga. Haƙarƙarinsa duk a waje. Ya kifa cikinsa a kan gora, ya ja gwangwala a baya, yana tafiya yana waige, yana daidaita giginyar gonar mai unguwa da tsagin dutsen da ke ƙetare. Da ya kai inda yake so sai ya saki gora ya nutse.

Yusufu ya ƙirga nutso goma sha ɗaya, daga nan ya daina ƙirgawa. Gwangwala ta tashi, ta karkace, ta faɗi. Ta sake tashi. Yayyafi ya zama ruwa sosai. Sai da aka yi la'asar sakaliya sannan ta tsaya cak, ɗaure da reshe a wuri uku. Da Labo ya fito, leɓɓansa sun yi fari, haƙoransa na haɗuwa, ya kasa sa hannu a riga sai da Yusufu ya sa masa.

"Ka gani?" in ji shi. "Makaho ma ya kauce mata."

Kwana ɗaya zazzaɓi ya kayar da shi. Tani ta dafa sassaƙe, ta gasa masa ƙirji da tsumma mai zafi, ba sauƙi. Yusufu ya ce a kai shi asibitin Malumfashi, aka ce ruwa ya cinye hanya, mota ba ta wucewa sai an kwana biyu. Labo ma ya ce ba inda za shi.

Kullum da safe in Yusufu ya idar da salla sai ya leƙa. Ɗakin na warin hayaƙi da magani, Labo na kwance a kan gadon kara, numfashinsa kamar ana jan zarto.

"Tela, gwangwalar tana nan?"

"Tana nan, Baba. Na hango ta."

"To madalla. Ka yi mini addu'ar taku ma, in tana kama arne."

"Tana kama kowa, Baba."

"Haka kuke cewa. Ran da na ba ka burkutu ka sha, sai in yarda muna tare."

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, Tani ta tallafo kansa.

Gwadabe kuwa ba ya son zama ɗakin. Abokansa sun sa shi gaba, wai ubansa ya kafa wa dodo tuta. Ranar Jumma'a Yusufu ya tarar da shi a zaure yana gyaran igiya, ido ja.

"Da bai shiga ba, da yanzu lafiyarsa lau," in ji yaron. "Ya ja mini abin dariya, ya ja wa kansa ciwo."

Yusufu ya matso. Ya zauna kusa da shi, ya riƙe masa bakin igiyar.

Ranar Asabar gari ya waye tas, iska na kaɗawa daga yamma. Gwadabe ya shiga ya durƙusa, uban ya ɗora masa hannu a ka, yaron ya fita. Da Yusufu ya shigo, sai da ya kai kunne bakin Labo kafin ya ji.

"Je ka duba."

Bakin madatsa ya cika, ga makaɗa, ga 'yan makaranta a jere, ga masu ƙosai. Yusufu ya sa hannu a goshi ya duba ruwa. Jan duro na can. Gwangwala babu. Can ya gan ta yashe a bayan rumfar manyan baƙi, da guntayen igiya a jikinta inda aka sa wuƙa.

Bai taɓa ɗaga wa wani ma'aikaci murya ba a rayuwarsa. Yanzun ma bai ɗaga ba. Ya dai je ya tsaya gaban teburin, ya ƙi matsawa.

"Malam Akawu, wa ya cire?"

"Ni na sa masinja da asuba. Doka ce, Tela, ka ji na karanta. Bature ya iso, in ya ga alamar da ba tamu ba ni zai tambaya."

"Mutumin da ya kafa ta yana can yana mutuwa."

Akawu ya ajiye alƙalami.

"Ban ce ka yarda da ni ba," in ji Yusufu. "Ka shiga jirgi ka sa hannunka. In ba ka taɓa komai ba, na tafi, ba ka ƙara ganina."

Akawu ya duba agogo, ya duba rumfa. Saura rabin sa'a. Ya tashi.

Gwadabe ne ya tuƙa su, da allon a ɗage. Yusufu na tsugune da gwangwala, yana neman giginya da tsagin dutse yadda ya ga tsohon ya yi. Sau biyu suna wucewa. A na uku akawu ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa, sai fuskarsa ta sauya. Ya jawo wani baƙin reshe mai kaurin damtse, ruwa na zuba daga jikinsa, ya sake shi. Ya matsa gaba ya sake zurawa, ya sake taɓawa. Ko'ina rassa ne.

Gwadabe ya tuɓe riga, ya ciji igiya, ya nutse. Da gwangwala ta tsaya, akawu ya ciro jan ƙyallen da zai ɗaga a tashi tsere, ya yaga shi biyu, ya ɗaura rabi a kanta.

"Yanzu ta kwamiti ce," in ji shi. "Zan sanar kowa ya bi ta hagunta. Bature kuma ni zan yi masa bayani."

Suna isa gaɓa Gwadabe ya riƙo hannun Yusufu. "Yaya Yusufu, je ka gaya wa Baba. Ka ce na taɓa ta da hannuna. Ka ce..." Bai ƙarasa ba, aka fara kiran suna.

Yusufu ya bi hanyar gonaki, dawa ta fi shi tsawo ta kowane gefe, yana sauri yana shirya yadda zai faɗa. Daga bayansa ya ji an busa usur, jama'a sun ɗau ihu. Bai kai ga kukar bakin unguwa ba ya jiyo wani kukan, na mata, daga gaba.

Ya tarar da Tani zaune a ƙasa a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, mata sun kewaye ta.

"Kana fita ba da daɗewa ba," in ji ta. "Yana ta duban ƙofa. Sau biyu ya ce, Tela ya dawo? Na ce yana hanya."

Yusufu ya shiga. An rufe Labo da farin zane, ƙafafunsa a waje, duk faso. Ya tsuguna, ya ja zanen ya rufe su. Maganar da ya taho da ita tana bakinsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

Dangin Labo suka ce a kira yaron kafin rana ta yi zafi. Yusufu ya sake bin hanyar dawar.

Ya isa an gama. Jirage shida duk sun dawo, ba wanda ya kife. Gwadabe ya zo na uku, yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, riƙe da igiyar jirginsa, abokai na dukan bayansa. Ya hango Yusufu, ya ɗaga hannu yana dariya. Yusufu bai ɗaga nasa ba. Dariyar ta tsaya. Yaron ya saki igiya, ya fito, ya ratsa mutane, ya kama hanya ba riga ba takalmi.

Masinja ya ɗaga murya, "Kai, mai jirgi lamba huɗu! Kowa ya ja jirginsa tudu ya naɗe ƙyalle, in ba haka ba an soke shi!"

Gwadabe bai waiga ba. Yusufu ya tsinto masa riga ya bi shi. Da suka kai bakin dawa sai Yusufu ya juya. Iska ta fara jan jirgin baya. Akawu Marcellinus ya shiga ruwa da wandonsa har cinya, ya kamo igiyar, ya sa ta a kafaɗa, yana jan jirgin zuwa tudu shi kaɗai.