Makon da Habsa Ta Ƙi Shiga Taro

Shekara goma sha biyu Habsa ta yi tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi a Buokrom, kafin ciwon daji ya kama ta a nono. Bayan ƙarin ruwan magani na uku, likita ya duba sakamakon jininta ya zaunar da ita. Ya ce maganin yana kashe ciwon, amma yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke tare cutar da ta shigo jiki su cinye ta. Nata sun yi ƙasa sosai. Murar da wani zai sha shayi ya warware, ita tana iya kwantar da ita. Ta guji taro, in kuma zazzaɓi ya zo, kada ta jira.

Sai ga shi a makon ne za a yi sunan jikan yayarta Humu a Asokore Mampong. Humu ta zo da kanta da atamfar anko. Habsa ta gaishe ta daga nesa, da takunkumi a fuska, ta faɗa mata maganar likita. Humu ta ɓata rai, ta ce dangi za su ɗauka gaba ake yi, kuma cuta ai ta Allah ce.

"Yaya, shi Allahn ne ya sa min masu gadin nan a jini," in ji Habsa. "Kaɗan suka rage. Ba zan kai su inda za a ƙarasa su ba."

Ranar sunan ta dafa tukunya guda ta ba mijinta Osmanu ya kai, ita kuwa ta zauna a ɗaki ta sha kukanta.

Duk da haka, bayan kwana huɗu da la'asar jikinta ya ɗauki zafi. Osmanu ya ce ta sha farasitamol su ga gobe. Kafin ya rufe baki ta yafa mayafinta, ta ce ya tsayar da tasi.

Kwana biyar ta yi a asibiti ana sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Humu ce ta yi jinyarta, kuma ba wanda ya isa bakin gadon sai ta ga ya wanke hannu da sabulu. A gwaji na gaba ƙwayoyin sun ƙaru. Likita ya ɗaga ƙarin ruwa na huɗu da mako guda kawai, Habsa kuwa ita ce ta farko a layi ran nan.