Haƙori a Ƙarƙashin Sirdi

Tsakanin gidan Clifford Ogden da masana'antar kwalaben da yake aiki a Rotherham babu dutse ko guda. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya ta bakin kogin Don, sai wata gada mai ɗan doro. Amma keken hawan dutse ya saya, kore shar, mai tayoyi masu ƙuraje kamar bayan kada.

Ba shi kaɗai ba ne. Kamfani ne ya shigo da tsarin: shi zai saya wa ma'aikaci keke, yana cira kaɗan-kaɗan daga albashi tun haraji bai taɓa shi ba. Shago ɗaya aka tura kowa, shagon kuma ya karya farashin samfuri ɗaya. Kafin wata ya ƙare, korayen kekuna goma sha ɗaya ne jere a rumfar ajiya, kamar uwa ɗaya ta haife su.

"Sa hannu nan, masoyi," in ji Maureen ta ofis, wadda haka take kiran kowa, har mai kwashe shara. "Ka dai sani, keken na kamfani ne har ka gama. Aro muka ba ka."

Ogden ya sa hannu. Ba don marmari ba. Bara wasu mutum biyu suka tare shi a bakin kogi da rana tsaka, ɗaya ya naushe shi a baki, ɗaya ya hau tsohon kekensa ya tafi. Tun daga nan sai bas, bas ɗin farko kuwa shida da minti ashirin yake isa, aiki kuma ƙarfe shida. Takardar gargaɗi biyu ke gare shi kan latti. Ta uku ita ce sallama, ga mutum mai shekara hamsin da takwas.

Haƙorin da suka fizge masa bai yar ba. Ya tsinto shi a cikin ciyawa, ya wanke, ya ƙulle a ɗan ƙyalle. Ranar da sabon keke ya zo, ya ɗaure ƙullin a ƙarƙashin sirdi. Shi a ganinsa haƙorin ya riga ya san ɓarayi. Ya kuma sayi sarƙa mai kauri kamar ta jirgin ruwa, da kwaɗo kamar dunƙulen hannu.

Darek Sowa, abokin aikinsa a bakin tanderu, shi ma koren keke gare shi, kuma bakinsa ba ya hutu.

"Dattijo, wane dutse za ka hau? Matakalar gidanka?"

"Kai fa?"

"Ni ɗan tsauni ne. A garinmu ko akuya sai ta sauya giya kamar mota."

"Ɗan tsaunin da ya kife a kan gada shekaranjiya. Agwagi har yau dariya suke."

"Sarƙar nan taka ta fi keken nauyi, mutumina. Ka hau ta, ka ɗaure keken a wuya."

Wata Talata aka tashi da ruwa mai sanyi. Ogden ya iso saura minti biyu, tabarau duk ya yi hazo. Ya cusa kekensa tsakanin 'yan'uwansa, ya lalubi koren ƙarfe da hannu, ya zura sarƙa, ya zagaya ginshiƙi, ya danna kwaɗo, ya ruga ciki.

Ƙarfe goma, lokacin shayi, ya fito ƙofar baya da filas ɗinsa na ƙarfe don ya duba wata tattabara mai ƙafa ɗaya da ke kwana a rumfar. Sai ya ji kukan injin yankan ƙarfe. Wani mutum ne durƙushe, ya ja hular rigar ruwa ta rufe kansa, ya ba shi baya. Tartsatsi na tashi ja-ja-jir cikin ruwan sama. Sarƙar da ake yanka tasa ce.

Harshensa ya tafi gurbin haƙorin. Ya taka a hankali, ya ɗaga filas da hannu biyu, ya sauke shi a ƙeyar mutumin.

Mutumin ya kifa kan kekuna, suka zube bi da bi. Injin ya kuɓuce yana juyi a ƙasa kamar kazar da aka yanka, ya tsaga takalmin Ogden, ya ci naman ƙafarsa, sannan ya mutu. Bai ji zafi ba. Ya kai shuri da takalmin aiki mai bakin ƙarfe, a haƙarƙari, ya ƙara. Mutumin ya miƙo hannu zai kare, shuri na uku ya sami hannun, aka ji ƙas kamar an karya icen wuta.

Amma mutumin ƙaƙƙarfa ne. Ya kamo ƙafar Ogden da ɗaya hannun ya fizga. Ogden ya faɗi, kansa ya bugi ginshiƙi, tabarau ya tarwatse. Suka kama birgima cikin ruwa da man keke. Goshin mutumin ya sauka a hancinsa, jini ya cika masa baki, ɗumi-ɗumi da gishiri. Ya lalubo famfon keke ya dinga rafkawa ba ya ganin inda yake duka, har famfon ya lanƙwashe. Ya haye ƙirjin mutumin, ya shaƙe wuyan rigar, hular ta zame.

Ko ba tabarau ya san wannan gashin bakin.

"Ogden," in ji Darek, numfashi na fita da ƙyar. "Tsohon banza. Kekena ne."

"Sarƙata ce."

"Sarƙarka ce. Kekena ne." Ya tofar da jini. "Daga makaranta aka kira. Zosia, 'yata. Asma ta shaƙe ta, an wuce da ita asibiti. Na fito na ga wani jaki ya ɗaure mini keke."

Ogden ya sauka daga kansa. Ya rarrafa zuwa keken da ke ɗaure, ya sa hannu ƙarƙashin sirdi. Ƙarfe ne kawai da laka. Ya matsa ga na kusa da shi, wanda ke kwance sakaka, ba abin da ya riƙe shi. Yatsunsa suka taɓa ƙullin ƙyalle. Awa huɗu keken nan yana tsaye a buɗe, ko kallonsa ba wanda ya yi.

Ya ciro makulli daga aljihu, ya buɗe kwaɗon. Sarƙar ta zube. Yankan bai ko kai rabi ba.

"Ga shi, na buɗe," in ji shi.

Darek ya dubi hannunsa da ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. "Da me zan riƙe kan keken, dattijo? Da haƙori?"

Mutane sun riga sun cika bakin ƙofa, kowa da kofinsa. Motar asibiti ta zo ta ɗauki Darek, ta kai shi inda yake sauri ya je tun farko. An naɗe wa Ogden ƙafa a ɗakin shan magani. 'Yan sanda suka rubuta sunansa, suka ce zai ji daga gare su.

Maureen ce ta kawo takardar dakatarwa. Ba ta zauna ba.

"Ka tafi gida, Mista Ogden. Kar ka dawo sai an neme ka."

Shekara goma sha tara bai taɓa jin ta kira shi haka ba.

Ya ɗingisa zuwa rumfa. An tayar da kekunan, an jera su. Ya kama kan nasa, bayan ya laluba sirdi don ya tabbatar.

"Wannan zai zauna," in ji Maureen daga bayansa. "Na gaya maka tun ranar farko."

Ya saki. Ya tsaya yana tunanin ko ya kwance ƙullin, sai ya bar shi, tun da wani ya kamata ya kula da keken. Tattabarar ta sauko tana tsattsagar wani abu a inda jinin ya taru. Ya ɗauki sarƙarsa, ita kam da kuɗinsa ya saya, ya rataya a wuya, ya kama hanyar bakin kogi da ƙafa.