Igiya Biyu a Jikin Rumbun Hatsi

Duk garejin bas na garin babu wanda bai san Fintan Roche yana tsoron hawa sama ba. Shekara ashirin da shida yana tuƙi, amma ko tsani mai matakala uku ba ya takawa. Matarsa Breda ce ke canza ƙwan fitila a gidansu. Shi ya sa ranar da ya sa sunansa cikin masu saukowa da igiya daga saman tsohon rumbun hatsi na bakin tashar jiragen ruwa, Lorcan Furlong, bakaniken garejin, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Dattijo, ka san abin da ka sa wa hannu kuwa? Hawa goma sha huɗu ne fa. Ko ka ɗauka takardar neman hutu ce?"

"Na karanta," in ji Fintan, ya ci gaba da goge madubin motarsa.

Kowa ya san dalili. Nuala, mai tsara musu jerin aiki, wata biyar ke nan tana jigila da 'yarta mai suna Tara zuwa birnin Dublin wankin ƙoda, sau uku a mako, domin sashen yara na asibitin garin ba shi da na'urar. Aka kafa gidauniya don a saya wa asibitin na'urar: duk wanda ya yarda zai sauko da igiya, 'yan uwa da abokan arziki su ba da taimako da sunansa. Lorcan ma ya shiga, don shi abin wasa ya ɗauke shi. Mako uku ya yi yana tsokanar Fintan, har ya yi masa alkawarin kawo masa wandon canji.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi. A matakalar rumbun sau biyu Fintan yana tsayawa ya yi amai. Da suka kai sama, wata mata mai suna Dervla, wadda ke kula da igiyoyin, ta ɗaure su da ɗamara, ta sa musu hular kwano. Igiya biyu ce a jere, bibbiyu ake sauka.

Fintan ya fara zuwa bakin rufin. Lorcan yana kallonsa: fuska ta yi fari fat, hawaye na gangarowa, bai ma damu ya share ba. Fintan ya juya wa sarari baya kamar yadda aka koya musu, ya jingina da iska, ya taka bango sau uku, ya ɓace daga ido.

"To, mai baki, saura kai," in ji Dervla.

Lorcan ya matso yana murmushi. Ya juya baya, ya leƙa ta tsakanin takalmansa. Tsuntsayen teku ya gani suna shawagi a ƙarƙashinsa, can ƙasa kuma laimomin mutane kamar maɓallan riga. Nan take ƙafafunsa suka mutu. Hannayensa suka kama ƙarfen bakin rufin suka ƙi saki. Shekararsa talatin da huɗu a duniya bai taɓa jin irin wannan ba.

"Ɗamarar nan ba ta zauna daidai ba," ya ce.

"Ta zauna. Amma in ba za ka iya ba, ga matakala nan, ba abin kunya ba ne."

Sai ga muryar Fintan daga jikin bangon, tana rawa: "Lorcan! Ni fa ba a nan zan tare ba."

"Je ka, ina zuwa."

"Ƙarya kake. Na san muryar nan, ai tawa ce."

Lorcan ya karkato da kai. Fintan na nan rataye taku uku daga sama, iska na kaɗa shi, ruwa na ɗiga daga hularsa. Da ya so, da tuni ya kai ƙasa.

"Fintan, yaushe tsoron nan yake sakin mutum?"

"Ba ya saki, ɗan'uwa. Tun ina yaro nake jira. Tare za ku sauka. Daina kallon ƙasa, dubi munin fuskata. Ka san hanyar bas mai lamba huɗu?"

"Me ya kawo maganar bas yanzu?"

"Zan faɗi tasha, ka yi taku ɗaya. Ni ma abin da nake yi ke nan. Gareji!"

Lorcan bai san lokacin da ya saki ƙarfen ba. Igiya ta ɗauki nauyinsa.

"Kasuwar kifi. Gidan waya. Makarantar 'yan mata. Maƙabarta..."

"Don Allah tsallake wannan!"

"Ba a tsallake tasha, fasinja na jira."

Haka suka yi ta gangarowa kafaɗa da kafaɗa. Lorcan ya lura duk sunan da Fintan zai faɗa sai ya haɗiyi yawu tukuna. Wajen tsakiya ƙafar Fintan ta zame a kan jiƙaƙƙen bulo, ya bugi bango da kafaɗa. Ya rintse ido. Sannan ya mayar da ƙafarsa, ya ce, "Cocin tudu." Lamba huɗu ta ƙare ba su iso ba, ya shiga lamba tara.

Da suka dira, mutane suka ɗauki tafi da sowa. Daga ƙasa abin da aka gani daban ne: an ga Fintan ya maƙale, an ga Lorcan ya bi shi. Nuala ta rugo ta rungume Lorcan.

"Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya masa. Mun ce shi ke nan, sai an sauko da shi."

Lorcan ya dubi Fintan. Yana zaune dirshan a kan jiƙaƙƙen siminti, Breda na kwance masa hula. Ya ji maganar sarai, kuma a fili yake ba shi da niyyar gyara ta.

Lorcan ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwar taron.

"Jama'a, ku ji da kyau. Ni ne na maƙale. Mutumin can ya fi minti goma yana reto a sama yana jirana, shi da ke tsoron tsani. Shi ya sauko da ni."

Nan take direbobi suka yi kan Fintan za su ɗaga shi sama.

"Kada wanda ya ɗaga ni!" in ji Fintan da ƙarfi, ya dafe ƙasa da hannu biyu.

Suka bar shi. Lorcan ya je ya zauna kusa da shi a cikin ruwan, har sai da ƙarfin ƙafafunsu ya dawo.